Kogo, daji da kogi a wuni guda: yadda ake tsara ziyarar Yankari

"Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Kano ne. Yarana uku sun matsa mini in kai su Yankari a hutun watan Afrilu, tare da mahaifiyarsu da kuma Hajiyata, wadda gwiwa ke ɗan damunta. Ranar Asabar kaɗai nake da ita. Na ji an ce akwai kogwanni da rijiyoyin mutanen da a ƙarƙashin ƙasa, ga daji mai giwaye, ga kogi da ruwan Wikki. Shin za mu iya ganin duka ukun a wuni ɗaya mu dawo gida? Da wanne za mu fara? Motata ƙarama ce, ba jif ba."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya raya mana yaran. Abu biyu kake nema: ko wuni ɗaya zai ɗauki kogo da daji da kogi, sannan in zai ɗauka, wanne za a sa gaba. Zai ɗauka, amma da sharaɗin wunin ya fara daga garin Bauchi, ba daga Kano ba. Batun wanne ke gaba kuwa, ba kai za ka zaɓa ba, rana ce za ta zaɓa maka. Na daɗe ina kai ɗalibai da iyalai wannan daji, kuma mafi yawan waɗanda suka dawo suna cewa "ba mu ga komai ba" ba rashin dabbobi ne ya same su ba. Sun shiga daji ne a lokacin da ya kamata suna cikin ruwa, suka shiga ruwa a lokacin da ya kamata suna kan hanyar gida.

Lissafin hanya

Mu fara da abin da ba ya canzawa. Daga Kano zuwa Bauchi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi kusan kilomita 300 ne, kuma da yara da tsohuwa a mota, ga tsayawar salla da ta fitsari, ka ƙaddara awa biyar. Daga Bauchi za ka ɗauki titin Gombe har Dindima, inda gadar kogin Gongola take, sai ka saki babban titi ka yi dama. Daga nan kusan kilomita 30 ne zuwa ƙauyen Mainamaji, inda babbar ƙofar shiga take. A nan mutane da yawa ke ruɗuwa, su ɗauka sun iso. Ƙofar ba ita ce Yankarin da kake nema ba. Sansanin Wikki, inda masauki da ruwan ɗumi da motocin shiga daji suke, yana can ciki, tafiyar kilomita 40 da 'yan kai daga ƙofa, kuma hanya ce da ba a gudu a kanta domin dabbobi na tsallakawa. Jimilla daga Bauchi zuwa Wikki ya ɗan haura kilomita 110, wato awa biyu in an haɗa da tsayawar biyan kuɗi a ƙofa.

To haɗa ka gani. Kano zuwa Wikki da dawowa ya haura kilomita 800. Ko ka tashi bayan Asuba, sai Azahar za ka iso, daidai lokacin da duk wata dabba mai hankali ta shige inuwa, sannan ka juya da La'asar ka yi tuƙin dare da iyali. Wannan ba yawon buɗe ido ba ne, wahalar da Hajiya ce kawai. Abin da nake ba ka shawara shi ne ku bar Kano ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ku kwana a Bauchi, Asabar ta zama ta Yankari gaba ɗayanta, ku sake kwana a Bauchi, Lahadi da safe ku kama hanyar gida. Ba ka taɓa ranar aiki ba sai rabin Juma'a. Wanda ke zaune a Bauchi ko Gombe shi ne zai iya cewa wuni ɗaya da gaske, na Jos ma in ya yi sammako sosai.

Ƙaramar mota za ta kai ku har sansanin Wikki. Abin da ba za ta iya ba shi ne hanyoyin cikin daji, masu yashi da kwazazzabai. Zan dawo kan wannan.

Dalilin da ya sa rana ke tsara wunin

Yankari na da faɗin murabba'in kilomita 2,244 a ƙaramar hukumar Alkaleri. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan aka mayar wa jihar Bauchi a 2006. Fili ne da ba wanda zai zagaye shi a wuni, ko a mako. Abin da ya sa ziyarar wuni ɗaya take yiwuwa shi ne abubuwa ukun da kake so duk sun taru a kwari ɗaya, kwarin kogin Gaji, kuma ba haka kawai suka taru ba.

Ƙasan dajin dutsen yashi ne, wato yashin da ya daskare ya zama dutse tun zamani mai nisa. Irin wannan dutse yana da halaye biyu. Yana shan ruwa: ruwan damina ba ya gudu duka a sama, yana nutsewa ya taru a can ƙasa, ya ɗauki ɗumin ƙasa, sannan ya ɓulɓulo a inda kwari ya yanke dutsen. Haka aka samu Wikki da sauran maɓuɓɓugai irin su Dimil da Gwana da Nawulgo, kuma su ne ke sa Gaji ba ya ƙafewa a lokacin da rafukan yankin suka zama yashi zalla. Hali na biyu, yana sassaƙuwa. Mutum da ƙarfe a hannu zai iya huda shi ya yi ɗaki ko rijiya, kuma ramin ya tsaya bai rufta ba. Mutanen da suka zauna a nan kafin a keɓe dajin sun san haka, shi ya sa kogwannin suke a jikin ganuwar kwari, kusa da ruwa.

Dabbobin ma ruwan suke bi. Da damina ko'ina akwai tafki, ciyawar gamba ta fi mutum tsayi, sai su warwatsu, ka wuni ba ka ga ko jela ba. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu kuwa ciyawa ta bushe ko an ƙone ta, itatuwa sun zubar da ganye, ruwa ya rage a Gaji kaɗai, dole kowa ya gangaro. Don haka watan da ka zaɓa shi ne mafi kyau wajen ganin dabbobi. Shi ne kuma mafi zafi: da tsakar rana yakan kai digiri 40. Daga ƙarfe sha ɗaya zuwa uku da rabi daji ya mutu, ɓauna na cikin duhuwa, gwanki ya tsaya a gindin bishiya ba ya motsi, ku ma ba za ku jure zama a buɗaɗɗiyar mota ba. Saboda haka sanyin safiya na daji da bakin kogi ne, hantsi na kogo, tsakar rana ta ruwan Wikki. Duk wani tsari da ya saɓa wa wannan zai sa ku biya kuɗi ku kalli itatuwa.

Yadda zan tsara Asabar ɗin

Ku yi sallar Asuba a masauki, ƙarfe biyar da rabi mota ta tashi. Tankin mai ya kasance cike tun daren Juma'a, domin bayan Dindima kada ka sa ran gidan mai. Karin kumallo a ci a mota. Wajen bakwai saura kuna Mainamaji. A nan ake rubuta sunaye a biya kuɗin shiga, na mutum daban, na mota daban, wani lokaci har da na kyamara. Ka riƙe tsabar kuɗi isassu, domin sabis ɗin waya a wannan yanki ba abin dogaro ba ne, kuma babu abin da ke cin safiya irin tsayuwa ana jiran transfa ta shiga.

Daga ƙofa ka gaya wa yara ziyara ta fara, su ajiye waya. Wannan awa ɗaya ta hanyar Wikki ita ce dajin da ka tambaya, kuma da sassafe takan yi kyauta: garken zabin daji na gudu a gaban mota, gadu da 'ya'yanta jela a sama, burtu biyu na taku a cikin ƙonanniyar ciyawa, wani lokaci kanki ko gwanki ya tsallaka. Ka yi tafiya a hankali, kuma kada kowa ya sauka. Itatuwan wannan ɓangare na tudu ne, irin su taura da marke da kawo, gajeru a warwatse. Ka sa yara su lura da su, saboda in kun gangara bakin Gaji za su ga daji ya sauya gaba ɗaya: manyan maɗatai da ɗinya da kanya da giginya, kore shar a tsakiyar rani, inuwa mai duhu, ƙasa mai laima. Yaron da ya ga wannan bambanci da idonsa ya fahimci abin da ruwa ke yi wa ƙasa fiye da abin da za a rubuta masa a allo.

Wajen ƙarfe takwas kun isa sansanin. Kada ku tsaya ɗaukar hoto, kada ku leƙa ruwa, domin yaran da suka ga Wikki ba za su yarda su hau wata mota ba. Kai tsaye ofishin shiga daji. A nan ne wunin zai gyaru ko ya lalace, kuma a nan nake so ka kashe kuɗinka. Ba a shiga dajin sai da ɗan jagora daga ma'aikatan wurin, kuma akwai motocin da ake ɗaukar baƙi. In ka shiga ta haɗaka, za ka jira ta cika, ta bi zagayen da aka saba, ta dawo, ba lallai ta biya ta kogwanni ba. In ka ɗauki shatar mota ku kaɗai, za ka iya cewa da ɗan jagoran: bakin Gaji tukuna, sannan kogwannin Marshall, mu dawo kafin sha biyu. Fita ɗaya ta haɗa maka biyu. Ga mutum shida, bambancin kuɗin bai kai asarar da jira zai ja muku ba. Ka nemi a ba Hajiya kujerar gaba kusa da direba, domin bayan motar yana jijjiga.

Akwai wani tsarin da wasu ke bi: kogo da hantsi, ruwa da rana, sannan su shiga daji da La'asar. Gaskiya fitar yamma tana da daɗi, sau da yawa ma ta fi ta safe, domin dabbobin da suka sha rana suna gangarowa shan ruwa. Amma in ka shiga ƙarfe huɗu sai shida za ka fito, ga awa ɗaya zuwa ƙofa, ga wata zuwa Bauchi, duk cikin duhu. Taura biyu ba ta taunuwa. Fitar yamma ta wanda zai kwana a Wikki ce. Kuma in aljihu zai iya, wannan shi ne ainihin abin da na fi so gare ku: maimakon kwanan Bauchi na biyu, ku kama ɗaki a sansanin, ku samu yamma da safiya duka. Sai dai ka sa wani ya duba maka ɗakin ko ka gani da idonka kafin ka biya, ka tambayi awannin da ake ba da wuta da ruwa.

A bakin Gaji

Kada ka sa wa yara rai da kwalekwale. Gaji ba Kwara ba ne, ba Binuwai ba. Da rani ƙaramin kogi ne mai tafiya a hankali cikin fadama da duhuwa, kuma daga mota ake kallonsa, ba a sauka a taɓa, domin akwai kada da dorina. Abin da kusan kullum ake gani shi ne gwambaza tsaye a cikin fadama, mazo a bakin duhuwa, birai, da tsuntsaye, waɗanda aka ƙirga sama da iri 350 a dajin. Ɓauna ma ana yawan dacewa da garkenta.

Giwa kuwa sai an yi sa'a, kuma gara ka faɗa wa yara haka tun a Kano. Giwayen Yankari na daga cikin garke mafi girma da ya rage a Najeriya, amma ƙiyasin da ake yi bai wuce 100 zuwa 150 ba, suna tafiya tare, kuma a fili mai wannan girma za su iya yin kwanaki a wani ɓangare da mota ba ta zuwa. Masu sintiri, waɗanda ƙungiyar kare namun daji ta WCS ke tallafa wa bisa yarjejeniya da jihar tun 2014, sukan san inda aka gan su jiya, don haka ka tambayi ɗan jagora tun kafin ku tashi. Ko ba ku gan su ba, ka roƙe shi ya tsaya a kan sawunsu. Na ga yaro ya leƙa daga mota yana kallon sawun da ya fi faifai faɗi a cikin laka, gefensa ga kashin giwa cike da ƙwallayen giginya, ga reshen da aka karya aka ɓare ɓawonsa fari fat, kuma wannan ne labarin da ya riƙa bayarwa a hanyar dawowa. Zaki akwai shi, 'yan kaɗan ne ƙwarai, ma'aikatan da suka shekara a wurin ma ba kasafai suke ganinsa ba. Raƙumin dawa da jakin dawa kuwa ba a nan za ka neme su ba, a gandun Sumu suke, can ƙaramar hukumar Ganjuwa.

Abu ɗaya da ba a cika gaya wa baƙi ba shi ne ƙudan tsando. Yana zaune a duhuwar bakin kogi, yana bin mota mai tafiya, cizonsa na da zafi kuma yana ratsa yadi mai shara-shara. Baƙi da shuɗi ne ke jan shi, shi ya sa tarkon da ake kama shi da shi ake yin sa da waɗannan launuka biyu. To ka duba kayan gidanka: baƙar abaya da shuɗiyar shadda su ne daidai abin da bai kamata a sa ba ranar. Uwargida da Hajiya su sa hijabi mai haske, ruwan ƙasa ko ruwan toka, mai ɗan kauri, yara su sa dogon hannu da dogon wando da takalmi rufaffe.

Kogwanni da rijiyoyi

Nan ma ina so in daidaita maka tsammani. Ba wani makeken kogo ba ne da ake shiga da fitila ana tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Kogwannin Marshall ɗakuna ne 59 da mutane suka sassaƙa a jikin ganuwar dutse, tafiyar 'yan kilomita daga sansanin. Sunan na wani mai bincike ne, P. J. Marshall, wanda ya bayyana su a 1980. Bakin kowanne zagayayye ne ƙarami kamar bakin rumbu, sai ka durƙusa ka zura kai, amma ciki ya buɗe, wasu har mutane da dama za su zauna. Wasu suna ƙasa-ƙasa, wasu suna sama inda sai an hau. A jikin dutsen akwai zane-zanen layuka, miƙaƙƙu da masu lanƙwasa. Abin da ake faɗa shi ne mafaka ce ta lokacin yaƙe-yaƙe da farautar bayi, kuma in ka tsaya a ƙasan kwarin ka ɗaga kai za ka ga hikimar: ƙofar da mutum ɗaya kaɗai zai iya shiga, a rarrafe, wanda ke ciki ya fi na waje ƙarfi.

Ka sa yara su shafa bangon da tafin hannu. Za su ji ƙwayoyin yashi na biyo yatsunsu, kuma cikin ɗakin ya fi waje sanyi sosai ko da hantsi ya yi. Wannan ya isa su gane yadda aka iya haƙa shi, ya kuma isa su gane dalilin da ya sa ba a rubuta suna a jiki da ƙusa, abin da wasu baƙi marasa ta ido suka riga suka yi. Ƙa'idata a nan ba ta da sassauci: ɗan jagora ne ke fara haska tocila a ciki kafin kowa ya zura kai ko hannu. Jemagu na kwana a wasu, warin kashinsu zai gaya maka tun daga baki, kuma rami mai sanyi a watan Afrilu wurin hutun maciji ne. Zuma ma kan yi saƙa a irin wannan ganuwa, don haka ban da ihu, ban da jifa, ban da turare mai ƙarfi. Daga inda mota ke tsayawa akwai 'yar tafiya a ƙasa da hawa kan duwatsu. Hajiya ta zauna a mota a inuwa tare da direba. Minti arba'in sun isa.

Rijiyoyin da ka ji labari su ne na Dukkey, sama da 130, an haƙa su a dutse kusa da juna, kuma a ƙasa suna haɗe da juna ta hanyoyin da ruwa ke bi, wato babbar ma'ajiyar ruwa ce ta mutanen da. A wurina su ne abin mamaki mafi girma a dajin, tare da tsofaffin matoyan narka tama da ke warwatse a ciki. Amma ba a hanyar kogwannin suke ba, zuwa can fita ce ta daban, kuma ramuka ne a buɗe a cikin ciyawa, ga ka da yara uku. A wannan zuwan ka bar su. Wanda ya ce sai ya cusa su cikin wuni ɗaya, lokacin Wikki zai yanka, kuma yaran ba za su yafe masa ba.

Tsakar rana a Wikki

Sha biyu kun dawo sansanin. A ci abinci, a yi Azahar, matafiya ne ku, kuna da sauƙin ƙasaru. Akwai ɗan gidan tarihi a wurin mai hauren giwa da fatu da ƙasusuwa da kayan da aka ƙwace daga mafarauta, minti ashirin a cikinsa ba asara ba ce. Abinci kuwa gara ku zo da naku a kula, da ruwan sha mai yawa, aƙalla lita uku ga kowane babba.

Sai maganar gwaggon biri, waɗanda su ne masu sansanin na gaskiya. Ba sa tsoron mutum, sun san leda, sun san kula, sun san yadda ake buɗe ƙofar mota da ba a kulle ba. Babban namiji zai zauna nesa kaɗan yana sosa ciki kamar ba ruwansa, idonsa na kan hannun ƙaramin yaronka, kana juya baya ya fizge burodin ya haye bishiya. Sun fi raina mata da yara. Kada yaro ya riƙe abinci a fili, kada a ba su komai da sunan tausayi, a kulle mota a ɗaga gilashi, in kuma sun ƙwace abu a bar musu, domin haƙoransu ba na wasa ba ne.

Ruwan Wikki yana gangare, ana sauka ta matakala masu ɗan yawa. Sauka da hawowa duka suna wahalar da gwiwa, don haka Hajiya ta sauka sau ɗaya, a hankali, wani na riƙe da ita, a shimfiɗa mata darduma a inuwa, ta zauna har a gama. Ina ganin ya cancanci wahalar. Ruwan na fitowa ne daga ƙarƙashin wata jar ganuwar dutse, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, kimanin lita miliyan 21 a kowace rana, garai-garai har kana ganin farin yashin ƙasa da yatsun ƙafarka. Manyan itatuwa sun rufe shi ta sama. Da hunturu ɗumi ake ji, amma a zafin Afrilu sanyi za ku ji. Daga nan yake gangarawa ya zama rafi ya faɗa Gaji, wato kogin da kuka kalla daga mota da safe, a nan ne kaɗai za ku iya shiga ruwansa lafiya.

Kusa da bakin dutsen zurfin ya kai kusan mita 2, ya shanye babban mutum. Can ƙasa kuwa bai wuce gwiwa zuwa ƙugu ba, nan ne wurin yara. Saboda ruwan garai yake, ido na raina zurfinsa, kuma yana da ɗan ja. Kai ka shiga tare da su, ka tsaya tsakaninsu da wuri mai zurfi, kada ka dogara da cewa akwai mai tsaro. Wurin wankan a buɗe yake, maza da mata, kuma ranar Asabar ta hutu yakan cika da ɗalibai da samari. Iyalai irin naku sukan gangara can ƙasa inda ba cunkoso, mata su tsoma ƙafa da kayansu a jiki. In uwargida na son ta shiga sosai, wannan ma wani dalili ne na kwana, domin da sassafe wurin kusan ba kowa. Ranakun Salla da Kirsimeti kuwa ban ba mai iyali shawarar zuwa ba sam.

Iyakar abin da zan iya ɗaukar maka alkawari

Tsarin nan na rani ne, kuma a kan rani na gina shi. In ruwan farko ya sauka kafin ku zo, wanda yakan faru a ƙarshen Afrilu, dabbobi za su fara watsewa kuma wasu hanyoyin bakin kogi za su yi santsi, don haka in kana da zaɓi ka ɗauki farkon hutun. Kuɗin shiga, kuɗin shata, lokacin buɗe ƙofa da rufe ta, da lafiyar motocin shiga daji, duk abubuwa ne da ke sauyawa, ofishin wurin ne zai ba ka na ranar. Ka neme su ana saura kwana biyu ko uku, ka ce kana son mota da ɗan jagora ƙarfe takwas, zuwa Gaji da Marshall. Ka kuma tambayi halin tsaro, daga gare su da kuma wani mazaunin Bauchi da ka yarda da shi, domin an sha samun labarin 'yan bindiga a wasu ƙauyukan Alkaleri da ke gefen daji. Ni mai kai baƙi ne, ba jami'in tsaro ba, kuma a kan wannan batu maganar mutanen wurin ta ranar tana gaba da tawa. Haka batun gwiwar Hajiya: in likita ya hana ta matakala, ta zauna a sama a inuwar sansanin tare da wani babba, saboda birai.

Ƙarfe uku ka fara fitar da yara daga ruwa, domin sai ka yi rabin awa kana lallashi. Ku yi La'asar, huɗu saura mota ta tashi. Hanyar fita ma ku bi ta a hankali, rana ta yi sanyi, dabbobi sun fara motsi, ba mamaki abin da kuka nema da safe ku same shi a bakin titi. Biyar kuna Mainamaji, kafin Magariba kun shiga Bauchi. Kada ƙarfin hali ya sa ka ce bari ka zarce Kano a daren, ka tashi tun huɗu da rabi, ka sha rana, ka yi iyo, barci zai zo maka tun kafin Ningi.